Tambaya da Amsa: Kowace mace ake ce wa Uwargida?

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ina da shagon atamfa a kasuwar Wadata, nan Yamai. Ran Asabar wata mata ta shigo, na ce mata “Uwargida, sannu da zuwa.” Sai ta ɗaure fuska, ta ce ita ce ta biyu a gidan mijinta, kada in yi mata ba'a. Ta fita ko turmi ɗaya ba ta saya ba. Na yi laifi ne? Daga mai shago, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka zage ta ba, amma ka taɓa mata inda ke mata ciwo.

Asalin uwargida ita ce matar da aka fara aura. A gidanmu na Tawa, kakata ce ke riƙe da wannan suna. Ita ke auna hatsi daga rumbu, ita ake fara gaisarwa, kuma in an kawo amarya a hannunta ake danƙa ta. Shi ya sa ake mata kirari da “uwargida ran gida”. Matsayi ne, ba tsufa ba: na san uwargidan da kishiyarta ta girme ta da shekaru.

Daga baya kalmar ta fito waje, ta zama ta girmama matar aure, kusan yadda ma'aikata ke cewa Madam. Dubi rediyo: “uwargidan gwamna”, “uwargidan shugaban ƙasa”. A zamanin shugaban Nijar Mahamadou Issoufou, daga 2011 zuwa 2021, matansa biyu ne, kuma kowacce da wannan sunan ake ambatonta a labarai. Da wannan ma'ana ka yi magana, ita kuwa da ta farko ta ji. Ban ga laifinta ba. Macen da ake tuna mata kullum cewa daga baya ta zo, kunnenta ba ya jin kalmar nan yadda naka ke ji.

Kada kuma ka haɗa kalmar uwargida da uwar ɗaki, wadda ke ɗauke da nauyin yaro ko ƴar aiki. Wannan daban.

A shago, inda ba ka san gidan mace ba, ka ce Hajiya in ta manyanta. Asalinsa na wadda ta sauke farali ne, amma yau ya zama na girmamawa, kuma da wuya ka ga wadda ta ƙi shi. In matashiya ce, Malama ya wadatar, ko da aure ko babu. Tsohuwa kuwa, Inna ko Iya sun fi mata daɗi.

In Allah Ya dawo da ita, kada ka tono maganar. Miƙa mata kujera, ka tambayi lafiyar yara. In ta faɗi sunan ɗanta, riƙe shi, daga ranar ka riƙa ce mata Maman wane.