Amsa kan makomar shagunan tabar wiwi a Tailan

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwamnatin Tailan ta rufe shagunan tabar wiwi gaba ɗaya. Ba ta rufe su ba, amma ta ƙuntata musu matuƙa.

A watan Yunin 2022 aka cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi ba tare da majalisa ta kafa cikakkiyar dokar da za ta tsara cinikinsa ba, sai dubban shaguna suka buɗe a Bangkok, Phuket da Pattaya, galibinsu suna dogara da masu yawon buɗe ido. A Yunin 2025, bayan jam'iyyar Bhumjaithai da ta jagoranci halattawar ta fice daga gwamnatin haɗaka, ministan lafiya na lokacin, Somsak Thepsuthin, ya sa hannu kan umarnin cewa ba za a sayar wa kowa furen wiwi ba sai da takardar likita.

Ina goyon bayan kare matasa daga shaye-shaye, amma ƙananan 'yan kasuwa da manoma ne suka fi shan wahala, domin sun zuba jarinsu bisa lasisin da hukuma ta ba su, kuma ba su da ƙarfin ɗaukar likita aiki don ya riƙa rubuta wa masu saye takardar, kamar manyan kamfanoni.