Amsa ga mai son koyon bas na tsaye da neman abokan kiɗan bulugiras

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce karatu ya kai ka Amurka, kiɗan bulugiras, wato kiɗan karkarar Amurka na kayan tsirkiya, ya shiga ranka, kana son koyon bas na tsaye, wato ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa, kuma kana tambaya ko sai ka ƙware kafin ka nemi abokan kiɗa. Shawarata ita ce kada ka jira, domin ni na yi kusan shekara guda ina fama ni kaɗai a ɗaki a jihar Indiyana, kuma abin da na koya a wata ɗaya cikin mutane ya fi na shekarar nan duka.

Dalili kuwa yana cikin tsarin kiɗan kansa. Tun daga ƙungiyar Bill Monroe, Blue Grass Boys, wadda kiɗan ya samo sunansa daga gare ta, kuma wadda salonta ya kankama bayan Earl Scruggs, makaɗin banjo (wani irin gurmi), ya shiga cikinta a 1945, ba a saba sa ganga a bulugiras ba. Saboda haka mai bas shi ne makaɗin gangar. Yana taɓa tsirkiya a bugu na ɗaya da na uku, mai mandolin, wato ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya takwas, ya sare na biyu da na huɗu, sauran kuma su hau kan wannan su tafi. Ba wanda zai nemi gwaninta daga gare ka. Abin da ba a yafewa shi ne sauri ko jan ƙafa, kuma wannan ba ya gyaruwa sosai sai kana jin wasu a gefenka.

Tsirkiyoyin su ne E, A, D da G, kuma yawancin waƙoƙin sauti uku suke zagayawa, waɗanda makaɗa ke kira 1, 4 da 5. Idan waƙa tana kan G, to G da C da D ke nan, kuma kusan duk abin da kake bukata yana kusa da kan wuyan bas ɗin. Sai dai wuyan ba shi da ƙarafan alama irin na jita, don haka kunne ne jagora. Ni na manna 'yar takarda a gefe na wasu watanni, ban kuma ji kunyar hakan ba. Yatsun dama za su yi bororo kafin su yi kanta. Ka riƙa jan tsirkiya da gefen yatsa da nauyin hannu gaba ɗaya, ka huta idan fata ta fashe.

Wajen saye, girman da ake kira uku bisa huɗu shi ne na kowa. Na katakon da aka manna hawa-hawa, irin tsofaffin Kay da aka ƙera a Chicago, ya fi jure zafi da raɓar filin biki. Na fara sayen wani mai araha ta intanet, tsirkiyarsa ta yi nisa da wuya har hannuna ya riƙa ciwo, sai da mai gyara ya rage tsayin gadarsa, wato katakon da tsirkiyoyin ke hawa kai. Da a ce da haya na fara, da na huta.

Abokan kiɗa kuwa, ka tambayi shagon kayan kiɗa mafi kusa inda ake zaman kiɗa na mako-mako, musamman wanda ake yi a hankali domin sababbi. Akwai kuma azuzuwan tsarin makaɗin banjo Pete Wernick, waɗanda aka shirya don koya wa mutane kiɗa tare. A manyan bukukuwa, irin na Bean Blossom da Monroe ya fara a 1967, ko na Galax a Bajiniya da ake yi a watan Agusta, kiɗan da zai amfane ka yana wajen tantuna da dare, nesa da dandamali. Masu jita sun yi yawa, masu bas kuwa nemansu ake yi.

Akwai ladabi guda da ya kamata ka sani: bas ɗaya ake so a da'ira. Idan ka tarar da wani, ka gaishe shi ka tsaya kana kallon hannunsa, sau da yawa shi da kansa zai miƙa maka idan ya gaji. Ka koyi gane hannun mai jita, amma ka lura da 'yar maƙalar da suke ɗaurawa a wuya, domin idan tana gida na biyu, abin da ka gani kamar G a gaskiya A ne. Wannan ya kunyata ni a zamana na farko, har wani dattijo ya matso yana raɗa mini lambobi. Allah ya ba da sa'a.