Amsa: Me ya sa ake ƙayyade sayen maganin mura?

Malam, ka ce ƙaninka da ke karatu a Amurka ya je sayen maganin mura mai suna Sudafed da yawa don ya aiko muku Zariya kafin hunturu, aka ce sai ya nuna katin shaida, kuma aka hana shi yawan da yake so. Ba wulaƙanci ba ne, doka ce.

Maganin yana ɗauke da sinadarin pseudoephedrine mai buɗe toshewar hanci, kuma da shi ake dafa ƙwayar methamphetamine. Shi ya sa tun 2006 dokar Amurka ta ce mutum ɗaya kada ya wuce giram 3.6 a rana, ko giram 9 cikin kwana 30. Ba a ma jera shi a kan kanta, yana bayan mai sayarwa. Za a rubuta sunanka da adireshinka, ka sa hannu. Ingila ta fi tsauri: miligiram 720 a saye ɗaya, in ba da takardar likita ba.

Mu nan abin da ya dame mu kodin ne. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC kan yadda matasa ke kwankwaɗarsa. Wanda ya ga kwalaben da ake tsinta a kwatocin Sabon Gari a lokacin ba zai yi musu ba.

Shawarata, ka ce wa ƙanin naka ya bar wahalar aikowa. Kemis mai rajista a Samaru ko Tudun Wada ya ishe ku. Amma in akwai mai hawan jini a gida, a tambayi likita tukuna, don pseudoephedrine na ɗaga jini.