Amsa: Zubin tagulla da samfurin roba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko samfurin roba da injin 3D ya buga zai iya maye gurbin kakin zuma wajen zubin tagulla. Zai iya. Hanyar maƙeran Ife da Benin ce: a lulluɓe samfurin kaki a yi mazubi, a gasa har kakin ya fita, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa; kakin kawai aka sauya.

Nemi robar PLA, wadda ake yi da sitacin masara. Robar ABS kam ka bar ta, hayaƙinta na da illa. Ka buga samfurin da bango siriri, cikinsa kusan fanko, domin roba kumbura take yi kafin ta ƙone, mai kauri kuwa sai ta tsaga maka mazubin. Kaki narkewa yake ya tsiyaye, roba kuma sai wuta ta cinye ta ƙurmus, shi ya sa gasa mazubin ne wuyar aikin. Ka lulluɓe samfurin da filasta haɗe da yashi mai laushi, ya bushe sarai, sannan ka ɗaga wuta sannu a hankali har wajen digiri 700 na ma'aunin Celsius. Ka hure tokar da ta rage, in ba haka ba za ta bar ramuka a fuskar aikin. Tagulla tana narkewa wajen digiri 950, kuma kada ka zuba ta a mazubi mai danshi, fantsama take yi.

Ga kuma zafinmu na Sakkwato: PLA na laushi tun wajen digiri 60, kada ka bar samfurin cikin mota da bazara. Batun narkarwa kuwa, a ganina ka nemi masu zubin tukwanen alminiyam, ko da yake tagulla ta fi cin wuta.