An gwada tiyatar kawuna a tabaran kwamfuta, hatsari ya kau ke nan?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos. Kawuna yana da ƙari a ƙodar hagu. A wani asibitin kuɗi a Abuja aka sa mana tabaran kwamfuta, muka ga ƙodar tana juyawa kamar a tafin hannu, aka ce tunda an gwada aikin a ciki, babu sauran hatsari. Hoton CT ɗin, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanki-yanki, ya kai wata biyar. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Sista, Allah ya ba kawu lafiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba.

Tabaran yana da amfaninsa. A 2002 an yi bincike a Jami'ar Yale, aka ga likitocin da suka fara yin atisaye a na'urar kwaikwayo ta kwamfuta sun fi waɗanda ba su yi ba sauri da kashi 29 cikin 100 wajen cire maɗaciya, kurakuransu ma sun ragu sosai.

Amma maganar "an gwada, babu hatsari" ta ishe mu. Abin da kika gani ba ƙodar kawu ta yau ba ce, hoton wata biyar ne aka ɗora wa launi, kuma ƙari ba ya jiran kowa. Sannan siffar ƙodar da ke cikin tabaran ba ta wuce abin da hoton ya kama. In an ɗauki CT da kaurin milimita 5, ko ba a ɗauka daidai lokacin da ruwan allurar da ke sa jijiyoyi su fito a hoto ke cikin jijiyoyin da ke kai jini ba, ƙaramar jijiya za ta ɓace, tabaran kuma ya nuna miki wurin fes. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da ƙarin jijiyar da ke kai jini ƙoda. A matse babbar, a yanka, sai jini ya ɓalle daga wadda ba a gani ba. Kuma mutum ne ke shata iyakar ƙarin a kwamfuta. In ya kuskure, kuskuren zai fito da kyan gani. A tabarau nama ba ya manne wa nama, hannu ba ya jin tauri. Masu tallarsa sun san haka, kuɗinku suke so.

Ki nemi sabon CT mai kaurin milimita 1 ko ƙasa, kuma likitan hoto ya duba siffar. Ki tambayi mai fiɗar irin wannan aikin nawa ya yi da hannunsa, ledar jini nawa aka tanada, da abin da zai yi in dole a cire ƙodar gaba ɗaya. Ku kuma kai hoton Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), likitan mafitsara ya gani kafin ku biya.