Sayo wa bakanike kayan ƙafar mota da kanka

Malam, ka tambaya ko za ka iya sayo kayan ƙafa da kanka ka kai wa bakanike. Za ka iya, amma fa in shokozoba ya fara yoyon mai bayan wata guda, ba ruwansa. Kayanka ne, sai ka sake biyan kuɗin aiki.

Kafin ka nufi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, bari ya ɗaga motar ya jijjiga tayar, don sau da yawa ƙarar da ake ji a gargada daga bushin (robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa) take fitowa, ba daga shokozoba ba. Ka riƙe tsohon shokozoban da aka kwance ku gwada shi da wanda za ka saya. In na Beljiyam ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, danna shi da hannu: ya nutse ba tauri, to ya mutu. Hagu da dama ake canjawa tare, sannan a yi alaimen, wato saita tayoyi.