Amsa: Yadda ake gane ruwan da ya ƙoshi da abin da aka narkar a cikinsa

Malam, ka tambayi yadda ɗalibin ilimin sinadarai zai bambance ruwan da bai ƙoshi ba, da wanda ya ƙoshi, da wanda ya wuce ƙoshi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jefa ƙwaya guda ta abin da aka narkar, sannan ka zuba ido.

Idan ƙwayar ta narke, ruwan bai ƙoshi ba. Idan ta kwanta a gindin kofi ba ta ragu ba, ya ƙoshi. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyos, ruwa giram 100 ba ya ɗaukar gishiri fiye da kusan giram 36, komai yawan motsawarka.

Na ukun ne ya fi ba ni sha'awa. Ana narkar da sukari mai yawa a ruwan zafi, a bar shi ya huce a hankali ba tare da girgizawa ba, sai ya riƙe fiye da ƙimarsa. Da ka jefa ƙwayar, sai ta riƙa girma domin rarar sukarin tana taruwa a jikinta. Abin da ke sa zuma ta yi tsaki-tsaki a kwalba lokacin hunturu ke nan, kuma wannan ba alamar algus ba ce.